Mai Riƙe Tocila

Shekara talatin da ɗaya na sha ƙurar alli.
Rabin magidantan garin nan
sun ɗanɗani tsumagiyata,
har yau in na gifta majalisa sai murya ta yi ƙasa.
Sai ga shi a cikin gidana,
Ilu, jikana, ya ajiye jaka a aji huɗu.
Ya ce, "Kaka, tun Litinin abu ɗaya muke maimaitawa,
mu casa'in, malami ɗaya,
shi ma ya tafi bin sawun albashi."

Na ɗauko tsumagiya. Hannuna ya yi nauyi.
Na mayar da ita bayan rumbu.

Wata uku ban ce masa ci kanka ba.
Na dai ji yana fadama
wurin Barau mai gyaran injin ban ruwa,
yana wanke noti a gwangwanin kananzir.
'Yan gari suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Wani dare ya zo da kwalin maganin feshi,
ya durƙusa a bakin tabarmata.
"Wannan kalmar fa?" Na faɗa masa.
"Wannan kuma?" Na faɗa.
Abin da nake shekara ina ɗura wa yara da tsawa
ya kwashe shi kafin shayina ya huce,
don tumatirin Gwaggo Delu yana mutuwa,
yana son ya san murfi nawa ake zuba wa jarka.

Rabi da kwata, a kwalbar fetur ya same su.
Riba da faɗuwa, a kasuwar Gujungu,
ranar da dillali ya cuce shi a buhu biyu.
Bai sake ba.
Rediyona da ta mutu tun ambaliyar bara waccan
ya farke cikinta, ya baje hanjin a faifai,
kwana tara, ya ƙone yatsu biyu,
a na goma ta yi tari, ta ba ni labaran duniya.

Ba zan ɓoye muku ba, ina tsoro.
Duniya takarda take tambaya.
Sa'arsa Hansatu tana sakandare a Dutse,
in ta zo hutu da farin takalminta
nakan ga ya cusa hannu a aljihu
don kada ta ga baƙin mai a faratansa.
Kuma bai san daga ina kogin nan ya taso ba,
ko a ina yake gajiya ya kwanta.
Fadama ba ta faɗar wannan sai an tambaya.

Shekaranjiya ruwan rijiya ya ja baya,
inji yana ta kuka, tiyo ko ɗigo.
Ya zo mini da laka har gwiwa.
"Kaka, injin nan lafiyarsa ƙalau.
Me ya sa in ruwa ya yi zurfin gaba biyar
ba ya iya zuƙo shi, ko da sabo ne fil?"

Na buɗe baki.
Shekara talatin da ɗaya
ba a taɓa tambayata abin da ba ya cikin littafi ba.
Na ce, "Ban sani ba."
Maganar ta zauna mini a harshe kamar goro,
ɗaci tukuna,
gardin sai daga baya.

Ga mu yanzu a bakin rijiya bayan isha'i,
sauro yana shagalinsa a ƙafafuna.
Ya ƙulla igiya gaba-gaba,
ya haƙa rami ya saukar da inji kusa da ruwan,
yana gwadawa, yana rubutawa a bayan kwali
da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza,
wanda da a ajina ne, da ya sha biyar a tafi.

Ni ke riƙe da tocila.
"Kaka, haska nan."
Na haska.